Zan ajiye aiki cikin ƙasa da mako biyu: yaya zan yi mu rabu da manajana cikin mutunci?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, na kawo muku wata matsala da nake neman shawararku a kanta, domin lokaci ya ƙure mini, kuma ba na so in aikata abin da zai sa in yi da-na-sani daga baya.

Shekara huɗu da wata biyu ke nan ina aikin kula da sito a wani kamfani da ke sayar da kayan gini a nan Kumasi, wato siminti da rodi da kwanon rufi da fenti, kuma a hannuna makullan siton suke tare da littafin shiga da fitar kaya. A watan jiya na je Tema aka yi mini tambayoyin ɗaukar aiki a wani kamfani da ke ajiye kayan da ake saukewa daga tashar jiragen ruwa. Na dawo ban sa rai sosai ba, sai ga shi yau Laraba sun kira ni a waya sun ce sun ɗauke ni, da sharaɗin in fara aiki ranar Litinin ta sama, wato nan da kwana 12. Albashina a yanzu sidi 3,000 ne a wata, wanda suka yi mini alkawari kuwa ya kusan ninka shi, ga ni da mata da 'ya'ya biyu da mahaifiya da nake ɗawainiya da su, don haka zuciyata ta riga ta tsaya a kan tafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne manajana. Dattijo ne, kuma kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni wurinsa lokacin da na yi shekara guda ina zaune ba aikin yi, ya ɗauke ni saboda mutuncin da ke tsakaninsu, har yanzu kuma masallaci ɗaya suke sallar asuba. Bara da aka yi wa matata aiki wajen haihuwa, shi ne ya tsaya mini a wurin mai kamfanin har aka ba ni rancen albashi, wanda ake cirewa kaɗan-kaɗan, yanzu saura sidi 1,200. Ba shi ne mai kamfanin ba, shi ma yana da na gaba da shi da yake yi wa bayani. Ga kuma ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara tana tafe a watan Disamba, wadda ni nake jagorantarta shekara uku a jere. Takardar da aka ɗauke ni aiki da ita ta ce duk mai son barin aiki ya ba da notis na wata ɗaya.

Ina so in san matsayina a wajen doka idan ban cika watan ba, sannan ina so in san yadda zan tunkari wannan bawan Allah da maganar, ko ta bakin kawuna ko da kaina, da kuma ko ya kamata in faɗa masa inda zan koma. Allah ya saka muku da alheri.

Tsohon Akawu, Tafo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a sabon wurin. Na daɗe ina aikin lissafin albashi kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da ɓangaren doka, domin idan ka san abin da ke kanka za ka shiga ofishin manajan da natsuwa.

Dokar ƙwadago ta Gana ta shekarar 2003, wadda aka fi sani da lamba 651, ita ce ta tsara wannan al'amari. Sashe na 17 ya ce yarjejeniyar aiki ta shekara uku ko fiye ana kawo ƙarshenta ne da notis na wata ɗaya ko biyan albashin wata ɗaya a madadinsa, wadda ba ta kai shekara uku ba kuma mako biyu ne ko kuɗin mako biyu, ta mako-mako kuwa kwana bakwai. Kai takardarka ta riga ta ce wata ɗaya, saboda haka babu wani saɓani tsakaninta da doka. Abubuwa biyu ne a wannan sashen mutane suke yawan mantawa da su: notis ɗin dole ne ya kasance a rubuce, kuma ranar da ka miƙa shi ba ta shiga cikin lissafi. Ma'ana, maganar baki da za ka yi da manaja, komai kyawunta, ba ta fara ƙirga maka kwanaki ba sai takarda ta shiga hannunsa.

Sashe na 18 kuma ya ba kowane ɓangare, ma'aikaci ko mai ɗaukar aiki, damar raba yarjejeniyar ba tare da notis ba, muddin ya biya ɗaya ɓangaren daidai kuɗin da ma'aikacin zai samu a tsawon wa'adin notis ɗin. Ka ga ke nan tafiyarka ba laifi ba ce, hanya ce da doka ta buɗe, sai dai tana da farashi. Idan ka miƙa takarda gobe Alhamis, ƙirga zai fara daga Juma'a, kuma idan ka yi aiki har Asabar ta mako mai zuwa ka ba su kwana tara ke nan, saura kimanin kwana 21 daga cikin wata. A kan albashin sidi 3,000, wannan zai kama wajen sidi 2,100. Haɗa kwanakin aiki da biyan kuɗin ragowar abu ne da ake daidaitawa a kai tsakanin ma'aikaci da kamfani, don haka kai ne ya kamata ka fara kawo shawarar a cikin takardarka, kada ka jira su tambaye ka.

Kai ma kana da haƙƙi a wurinsu. Sashe na 20 ya ba ma'aikaci hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki 15 ba tare da cikakken albashi, sashe na 30 kuma ya ce barin aiki ba ya cinye hutun da mutum ya riga ya cancanta gwargwadon watannin da ya yi a shekarar. Idan ka yi wata goma a bana, kana da wajen kwana 12 da rabi, sai ka cire waɗanda ka riga ka ci. Za ka iya roƙon a lissafa ragowar a rage maka abin da za ka biya, amma ka sa shi a matsayin roƙo da neman daidaitawa, domin ya fi saurin karɓuwa a haka.

Game da rancen nan na sidi 1,200, kada ka bar Kumasi sai an rubuta yadda za a biya shi, ko a cire daga albashinka na ƙarshe ko ka biya a hannu ka karɓi rasit. Manajan ne ya tsaya maka, idan ka tafi da bashin a wuyanka shi mai kamfani zai tuhuma. Allah da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma a nan rubutun kariya ne ga dattijon da ya taimake ka kafin ya zama kariya gare ka.

Ta fuskar yadda za ka tunkare shi, ni a ganina ka ɗauki kawunka ku je tare, tunda shi ya kai ka, shi ya dace ya nema maka sallama.

Hajiyar Asawase:

Ɗana, ina taya ka murna, Allah ya sa canjin ya zama alheri gare ka da iyalinka. Malam Tsohon Akawu ya yi bayanin doka yadda ni ba zan iya ba, amma ina neman afuwarsa, domin a kan maganar tafiya da kawu ra'ayina ya bambanta da nasa. Ni 'yar kasuwa ce a Kejetia, ina da yara da suke tsare mini shaguna, kuma da yawa sun zo sun tafi a hannuna, don haka zan faɗa maka yadda abin yake a zuciyar wanda ake bari.

Idan ka shiga wurin manajan nan da kawunka a gabanka, ka ɗaure masa baki. Ba zai iya nuna ɓacin ransa ba saboda kunyar abokinsa, zai ce maka Allah ya kiyaye hanya alhali ransa cike yake, kuma abin da bai fito a ranar ba zai zauna a ciki ya daɗe. Akwai kuma wani haɗarin, wato dattijan biyu su haɗu su ce ka haƙura har bayan ƙidayar Disamba, kai kuma ba ka da bakin da za ka musa musu su biyu a zaune. Abin da nake gani shi ne ka je wurin kawunka yau da daddare ka sanar da shi, domin ba daidai ba ne wanda ya tsaya maka ya ji labari a bakin wani, amma ka roƙe shi ya riƙe maganar, kada ya taɓa ta da abokinsa a masallaci. Sannan kai kaɗai ka sami manajan, a lokacin da babu direbobi da 'yan dako suna jiran sa hannunsa, ka nemi ya ba ka 'yan mintoci a keɓe. Bayan an gama komai, a daren da za ka tafi ko kafinsa, sai ku je gidansa kai da kawunka domin godiya da ban kwana. A nan ne zuwan kawun yake da amfani.

Abin da ya fi ƙona mini rai a duk yaran da suka bar ni bai taɓa zama gajartar lokaci ba. Wata yarinya ta ba ni kwana biyar kacal saboda aure ya taso mata, amma ta zauna ta rubuta mini sunan duk wanda muke bi bashi da adadinsa, ta nuna wa wadda za ta gaje ta inda kowane kaya yake, har yau idan ta shigo Kumasi a gidana take sauka. Wani kuma ya ba ni wata guda cur, amma sai da na fara jin labarin tafiyarsa a bakin maƙwabcin shagona, kuma bayan ya tafi na yi mako uku ina neman kan lissafi. Don haka kada kowa a wurin aikin ya ji wannan magana kafin manajan, ko da amininka ne, domin a Zango magana ba ta kwana.

Idan ka zauna da shi, ka fara da godiya, ka ambaci abin da ya yi maka da sunansa, ɗaukar da ya yi maka da tsayawar da ya yi lokacin haihuwar matarka, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Daga nan ka faɗi maganar kai tsaye, cewa ka sami aiki a Tema kuma ka yanke shawarar tafiya, ka faɗi ranar, ka ba shi haƙuri a kan ƙurewar lokaci. Kada ka yi ta kewaye-kewaye har ya ɗauka ƙarin albashi kake nema. Kada kuma ka kawo ƙorafin komai a wannan zaman, ko da akwai abin da ya taɓa ɓata maka rai a wurin, domin mai tafiya ba ya gyara gidan da zai bari da ƙorafi. Ka faɗa masa garin da irin aikin, ɓoyewa za ta sa ya yi zaton wurin abokan gasarsu za ka koma.

Ka tuna kuma shi ma zai hau sama ya yi wa mai kamfani bayani, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce wane ne zai riƙe sito. Ka shiga da amsar a hannunka: sunan wanda kake ganin zai iya a cikin yaran da ke ƙarƙashinka, da alkawarin cewa za ku ƙirga kayan siton gaba ɗaya kafin ka miƙa makulli, ku sa hannu ku uku.

Ɗan Aboabo:

Baba Tsohon Akawu da Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Kwana biyar na ci daga hutuna a bana lokacin Babbar Sallah, don haka bisa lissafin Baba ina da ragowar wajen kwana bakwai. Akwai yaro ɗaya da muke aiki tare shekara biyu wanda na tabbata zai iya riƙe littafin. Abu ɗaya da ban fayyace ba shi ne, har yanzu a waya kawai aka sanar da ni, sun ce takardar za ta biyo baya ta imel. Shin in miƙa takardar ajiye aikin gobe kamar yadda Baba ya lissafa, ko in dakata?

Ɗan'uwanku a Ashaiman:

Yayana, ka dakata. Ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani a nan Tema, kuma ina roƙonka kada ka ajiye aikin da ke hannunka a kan kiran waya. Ka kira su gobe da safe ka ce kana buƙatar takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi da ranar farawa da tsawon lokacin gwaji kafin ka sanar da inda kake, wannan buƙata ce da kowane ofishi ya saba ji. Dokar nan ta 651 ma, a sashe na 12, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye dole ne yarjejeniyarsa ta kasance a rubuce. Kwana ɗaya ko biyu da za ka rasa wajen jira zai ƙara maka 'yan sidi ɗari ɗaya ko biyu a kan abin da za ka biya, wannan kuwa ba komai ba ne idan aka kwatanta da mutum ya saki na hannu na gaba kuma ya suɓuce.

A cikin wannan kiran kuma ka nemi su ɗaga maka ranar farawa da mako ɗaya ko biyu. Mutane suna jin tsoron wannan roƙon, suna ganin kamar za a fasa ɗaukarsu, alhali ranar da ake faɗa a waya sau da yawa ba a kafe take ba. Ka gaya musu gaskiya, cewa makullan sito suna hannunka kuma kana so ka ƙirga kaya ka miƙa su yadda ya kamata. Aikin ajiyar kaya za su ba ka, kuma mutumin da ya ƙi barin sito a hargitse shi ne irin wanda suke nema. Idan sun ƙi, ba ka yi asarar komai ba, kuma za ka iya gaya wa manajanka da gaskiya cewa ka nema ba a ba ka ba, wanda zai rage masa zafin abin sosai.

Takardar ajiye aikin kanta ta zama gajeriya: ranar da ka rubuta, ranar aikinka ta ƙarshe, amincewarka da biyan kuɗin kwanakin da suka rage, yadda kake so a warware rancen, da godiya. Ka yi kwafi biyu, a sa hannu a kan naka da kwanan wata. Ka miƙa ta a ƙarshen zaman da za ku yi, bayan ya ji daga bakinka, kamar yadda Hajiya ta tsara.

Sai maganar fansho, wadda masu sauya aiki cikin gaggawa suke mantawa da ita. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, lamba 766, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 13, jimla 18.5, inda kashi 13.5 ke tafiya SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, kashi 5 kuma ga wani asusun fansho daban da ake kira mataki na biyu, wanda wani kamfanin amintattu ke riƙewa. Kafin ka tafi ka je ofishin SSNIT da katinka na ɗan ƙasa ka karɓi bayanin asusunka, ka duba ko watanninka 50 duk sun shiga, domin sai mutum ya tara aƙalla wata 180 yake cancantar fanshon wata-wata. Ka kuma tambayi akawunku sunan kamfanin da ke riƙe da mataki na biyu da lambarka a wurinsu. Idan akwai giɓi, gyara shi ya fi sauƙi yanzu da kuke ganin juna kullum. Ka nemi takardar shaidar aiki ma tun manajan yana kusa.

Idan ya yi maka tayin ƙarin albashi don ka zauna, ka saurare shi har ya gama, ka gode masa, amma kada ka ce za ka yi tunani idan ka san ba za ka zauna ba, domin hakan zai hana shi fara neman wanda zai maye gurbinka a 'yan kwanakin da suka rage.

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in dawo in sanar da ku inda aka kwana. Na kira Tema ranar Alhamis, takardar ta iso da yammacin ranar, kuma sun yarda sun ƙara mini mako ɗaya, ba su yarda da biyu ba. Na sanar da kawuna a daren, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya sa mini albarka, ya kuma riƙe maganar kamar yadda na roƙe shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin motocin yamma su fara lodi, na sami manajan shi kaɗai. Ransa ya ɓaci, bai ɓoye ba, ya ce da na sanar da shi tun lokacin da na je Tema da ya fara shiri, kuma na amsa masa cewa yana da gaskiya, na ba shi haƙuri. Da na kawo maganar yaron da zai riƙe littafi da ƙidayar da za mu yi kafin in miƙa makulli, sai ya jawo takarda ya fara rubuta ranaku. Mun tsayar da Alhamis da Juma'a na makon ƙarshe domin ƙirga rodi da kwano, siminti kuwa sai ranar Asabar da safe saboda yana fita kullum. Rancen za a cire shi daga albashina na ƙarshe. Maganar kuɗin kwanakin da suka rage da ragowar hutuna ya ce ba a hannunsa take ba, zai kai wa mai kamfani ranar Litinin. Na yi masa alkawarin cewa idan ƙidayar Disamba ta zo zan amsa wayar yaron duk lokacin da ya kira bayan na tashi daga aiki. Gobe da safe zan je ofishin SSNIT kafin in wuce sito.